Jirgin Kawu Ya Bushe Yana Jiran Sulhu

Mun tashi daga Sakkwato da asuba, ana sallame salla muka shiga mota, ni da wani abokina ɗan kasuwar albasa, shi ne mai motar kuma shi ne direba. Inna ce ta aike ni, aiken Inna kuwa ba a ce masa sai gobe. Ƙanenta, wato Kawuna, yana zaune a wata tunga, ɗan ƙauyen masunta, a bakin tafkin Kainji cikin ƙasar Ngaski, kuma abin da ya mallaka a duniya bai wuce babban jirginsa na katako ba. Da shi ya yi shekaru yana hawa gulbi daga Yauri zuwa Malanbil ta ƙasar Benin da Gaya ta ƙasar Nijar, ya sauke kaya a wannan gari, ya yi lodi a wancan, ya gangaro gida. Tun da ƙasashen biyu suka ɓata aka rufe gadar da ta haɗa su, jirgin bai ƙara zuwa ko'ina ba. Ana nan sai wani mutumin garin Wara da ke kusa da su ya aiko yana son saye, don ya riƙa tsallakar da 'yan kasuwa. Kawu ya ce bai san zancen ba. Shi ne Inna ta ce in je in lallashe shi ya sayar tun jirgin yana da daraja, ya sayi fadama ya yi noman shinkafa, tunda girma ya zo.

Daga Sakkwato zuwa Tambuwal hanya ba ta da laifi, har na ɗan yi gyangyaɗi. A Jega muka tsaya karin kumallo, kunu da ƙosai. Ƙosan nan ya rame sosai, na tambayi mai tuya ko shi ma rufe iyakar ya shafe shi, ta ce in tambayi mai wake da mai man gyaɗa. Na biya na ci abina.

Daga Jega ne aiki ya fara. Manyan motoci jere, kowace ta yi lodi har ta karkace, ga ramuka, ga shingayen masu kaki, wani ma kana hango na gaba tun ba ka bar na baya ba. Abokina yana tuƙi yana mita, ya zagi rami, ya zagi mai tirela, ya dawo ya yi wa tayarsa addu'a. A nan ne rediyon motar ya kawo labarin cewa wakilan ƙasashen biyu za su sake zama, har da dattawan da suka shiga tsakani. Ni dai mutum ne mai son a zauna a yi magana, ko rigimar 'yan unguwa ce ni ake kira, saboda haka na ce alhamdu lillahi. Abokina ya kalle ni ta gefen ido ya ce ai zaman shan shayi ne da ɗaukar hoto, su tashi kowa ya koma gidansa mai sanyi. Na ce to, in ba a zauna ba me za a yi, dambe? Muka yi ta ja har Koko, ba wanda ya kayar da wani, sai dai makogwaro da ya bushe.

Da muka shiga ƙasar Shanga ido ya huta. Duk da zafin bazara fadama ta yi kore shar, shinkafar rani ta ɗauki ciki, injinan ban-ruwa suna ta ƙugi ta ko'ina. Mun ratse wani gari a gefen hanya muka ci soyayyar karfasa da yaji, irin wadda sai ka tsotse ƙaya ba ka jin kunyar kowa. Matar da ke sayarwa tana da bandar tarwaɗa cike da kwanduna a bayanta. Ta ce da can mutanen sama, wato na can saman gulbi, Zabarmawa da Dandawa, suke zuwa su kwashe kafin ya huce, yanzu kuwa sai ta yi ta juya shi a kan wuta kada ya yi ƙwari. Abokina ya taya, ta yi masa ragi har ya ji nauyi. Ni dai ban ji daɗin arahar ba.

Mun isa Yauri bayan azahar. Kafin mu nemi masauki na ce a kai ni tashar jirage, don ina yaro nan ne wurin da na fi so a duniya in an kawo mu hutu. A lokacin sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. Jirage manya suna jere, ana sauke kanwa da dabino da albasa, ana loda garin rogo da manja da katako, ka ji Zabarmanci nan, ka ji Yarabanci can, wani ya yi maka ciniki da Faransanci kana ba shi amsa da Hausa kuma ku daidaita. Yanzu ma tashar ba ta mutu ba, ƙananan jirage na kai da kawowa zuwa gungu, wato tsibiri, da ƙetare, ranar kasuwa kuma an ce ana cika. Amma manyan nan masu zuwa sama, waɗanda ake yi wa rumfa a kwana a ciki, sai ɗaya-ɗaya. 'Yan dako na zaune a inuwa suna wasan dara. Wani tsoho da ya gane ni saboda kamannin Kawu ya yi mini bayanin abin a taƙaice: ƙaramin kwale-kwale yana iya sulalewa ya tsallaka, amma babban jirgi ba ya ɓuya, wanda ya sauka a gaɓar ɗaya daga ƙasashen biyu kuma ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri a ta ɗayar. Ka hau da kaya ka sauko fanko, ko man injin ba za ka mayar ba.

Na so mu wuce tungar a ranar, mai masaukinmu ya hana. Ya ce wannan hanya ba a binta in la'asar ta yi, ko da wa kake taƙama. Muka kwana a Yauri, muka sha fura, muka ci mangwaro har abokina ya fara kokawa da cikinsa.

Da hantsi muka kama hanyar Ngaski. Da muka ratsa Birnin Yauri surutun mota ya ɗauke da kansa, don kowa ya san yadda 'yan bindiga suka kwashe 'yan makaranta a garin nan, ba sai an tuna wa wani ba. Sai da muka yi nisa abokina ya ce, shi abin da ke ba shi haushi, iyaka in an rufe ta albasa take tarewa da gari, bindiga kuwa ba ta taɓa tsayawa a layi ba. A wannan kam ban yi masa musu ba. Na ce ai shi ya sa nake so su shirya, don maƙwabtan da ba sa gaisawa ba za su gaya wa juna ɓarawo ya bi ta bayan gida ba. Ya ce to Allah ya sa.

Hanyar tungar ta jar ƙasa ce, ta bi ta gonaki da ƙauyukan Kambari, ka ga masallaci nan, ka ga coci gaba kaɗan, mata na tafe da kaya a kafaɗa suna ɗaga mana hannu. Muna hawa wani ɗan tudu sai ga tafki ya bayyana can nesa, yana ƙyalli. Amma ba ruwan na fara gani ba. Jirgin Kawu na fara gani, a kan tudu, an ɗora shi a kan guma-guman itace, an lulluɓa masa zana da tsofaffin tabarmi. Tsakaninsa da ruwa akwai fili mai faɗi na taɓo da ya fara tsagewa. Na yi salati.

Wanda bai tashi a bakin ruwa ba zai ce mene ne a ciki. Jirgin katako ba a ajiye shi a tudu. In zai daɗe bai yi aiki ba, cire inji ake yi, a kai shi inda ruwa ba shi da zurfi, a bar shi ya cika ya zauna a ƙasa. A cikin ruwa katako yana kumbura ya matse ɗan'uwansa, rana ba ta samunsa, ƙwaro ba ya samunsa. Jirgi zai iya daɗewa a haka, ranar da ake bukatarsa a kwarfe ruwan ya taso lafiya lau. Kawu ya fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba, kuma iyakar saninmu a Sakkwato jirgin yana cikin ruwa.

Matar Kawu ce ta tarbe mu, shi yana bakin ruwa. Bayan gaisuwa da ruwan sha na kasa haƙuri na tambaye ta. Ta sauke murya ta ba ni labari. Tun farkon rigimar Kawu ya nutsar da jirgin yadda ake yi, ya kai inji ɗakinsa ya lulluɓe. Sai wajen ƙarshen sanyi, lokacin tafki na cike, rediyo ya kama faɗin an zauna, an fahimci juna, gada ta kusa buɗewa. Kawu ya ce ba za a riga shi isa Gaya ba. Ya tara mutane aka kwarfe jirgi, aka ja shi tudu, aka toshe da auduga da kwalta, aka sauya ƙusoshi, aka shafa masa fenti shuɗi. Gyara ya ƙare, sai jiran sanarwa.

Na ce to me ya hana a mayar da shi ruwa ya jira a can? Ta dube ni kamar ba jinin gidan ba. Ashe na manta. A gidansu Kawu, tun kakanni, jirgin da aka yi wa babban gyara ba a mayar da shi ruwa haka kawai. Sai an sa ranar tafiya, liman ya zo ya yi addu'a, mata su toya waina a raba sadaka, a kira gayya a tura shi, a yi lodi a kama hanya. Jirgin da ya shiga ruwa da addu'ar tafiya bai tafi ba, a wurinsu an yi wasa da addu'a. Saboda haka Kawu ya zauna jiran ranar da zai sa. Wannan mako a ce saura ƙiris, mako mai zuwa a ce an ɗage zama, na gaba a ce wani ya yi magana ta ɓata wa wani rai. Shi kuwa tafki ba ruwansa da rediyo, bazara na kamawa ya fara ja baya kamar yadda yake yi kowace shekara. Ranar da Kawu ya haƙura ya ce a tura shi ko ba tafiya, ruwa ya riga ya yi nisa, ga taɓo, samarin da za su ja kuwa sun watse, wasu ramin zinare, wasu safarar fetur ta ɓarauniyar hanya. Tsofaffin da suka amsa gayyar ko motsa shi ba su yi ba.

Tana cikin magana sai ga Kawu ya taso daga bakin ruwa da bokiti biyu, wando a naɗe, taɓo har gwiwa. Ya rame. Bai nufo mu ba sai da ya je ya yaye zana ya watsa wa jirgin ruwan, ciki da waje, sannan ya zo.

"Ɗana, ka iso? Ya hanya? Ya Innarka?"

Na durƙusa na gaishe shi. Matarsa ta ce haka yake yi kullum safe da yamma, tun da ruwa ya gudu. Kunya ta sa ni da abokina muka karɓi bokitan muka nufi tafki. Zuwa ɗaya muka yi, abokina ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan taɓo ya riƙe, ni kuwa numfashina kamar na wanda aka koro. Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce mutanen birni sai cin kifi.

Duk hanya ina ta shirya maganar da zan yi masa, da inda zan sako sunan Inna, da inda zan sako tsufa. Ban yi amfani da ko ɗaya ba. Muna zaune a inuwar jirgin bayan mun ci tuwon shinkafa da miyar kifi, sai ya ce, "Na san abin da yak kawo ka. Tahi ka kira mutumin Wara." Ya faɗa yana shafa gefen jirgin, bai dube ni ba. Na tashi muka nufi mota da abokina, babu murnar da na zata zan yi.

Wara ba ta da nisa daga nan. Mun tarar da bakin ruwanta cike, jirage na sauke mutane da buhuna da babura har da awaki, ana ta ihun a matsa a ba da hanya. Mai sayen dattijo ne mai fara'a, yana jin daga wurin wa muke ya rufe shagonsa ya shigo motarmu. A hanya yana ta yabon jirgin, ya ce ya san shi tun yana zuwa sama, babu irin ƙirarsa a yankin nan, katakon ma ba a samun irinsa yanzu.

Yana hango shi a tudu yabon ya tsaya. Ya gaisa da Kawu cikin girmamawa, ya cire hula ya ajiye, ya hau ciki. Ni ma na bi shi. Da aka yaye tabarmin sai ga hasken rana na shigowa ta tsakanin katakai, wani wurin yatsa na shiga, kwaltar da aka liƙa ta bushe ta ɓamɓare. Ya ce wannan mai gyaruwa ne, in ya sha ruwa zai koma. Har na fara sakin ajiyar zuciya. Sai ya sauka ya kwanta a ƙasa, ya leƙa gindin jirgin inda ya zauna a kan guma-guman, ya sa makullin shagonsa ya danna babban katakon da ke riƙe da jirgin gaba ɗaya. Makullin ya shige kamar cikin dafaffen rogo. Da ya zare sai ga gara na zubowa.

Ya daɗe a tsugune kafin ya miƙe. "Baba," in ji shi, "ka gahwarce ni. Ban iya aza mutane cikin wanga. Da sadda ya ke cikin ruwa ne, wallahi abin da kac ce shi za ni biya."

Kawu ya ce, "Gaskiyarka. Ba a wasa da ran mutane." Matarsa ta juya ta shige gida.

Mutumin ya ce akwai kafinta a Wara da zai so katakan gefe, a yi ƙyamare da bencina, shi kuma in Kawu ya yarda zai sayi injin. Kawu ya ce katako a zo a ɗiba. Inji kuwa a bar shi inda yake. Na matsa kusa da shi na ce Kawu, injin nan shi kaɗai ya rage da zai sayi ko 'yar ƙaramar fadama. Ya dube ni ya ce, "In sunka shirya hwa? Ko jirgin wani ne sai in ɗaura, in tai in ga mutanena." Ni da nake yi wa abokina wa'azin sulhu tun daga Jega, da wane baki zan ce masa kada ya sa rai?

Da muke mayar da mai sayen Wara ya gaya mini abin da ya ƙi faɗa a gaban Kawu. Ya ce busasshen jirgi a tudu yakan tsage ne kawai. Ruwan da tsohon yake ɗebowa safe da yamma yana zubawa, shi ya jiƙa ƙasar da guma-guman, danshin ya kira gara. Na roƙe shi don Allah kada wannan magana ta fita daga motar. Har yau Kawu bai sani ba, kuma ba daga bakina zai ji ba.

Mun yi sallama da Kawu tun rana na sama saboda hanya. Ya ba mu bandar kifi a kai wa Inna, na ce ya bari, ya ce ba ni ya ba. Muna hawa tudun na waiwaya, sai na gan shi ya ɗauki bokitan nan ya tsaya da su a hannu, bai nufi tafki ba, bai kuma ajiye ba.

Komawa ba ta yi daɗi ba. Mun sake kwana a Yauri, abokina ya sayi albasa da sabon takalmi, da safe muka kamo hanya. Wajen Koko rediyo ya sake cewa an tashi daga zama cikin fahimtar juna, za a ci gaba nan gaba. Na jira abokina ya tsokane ni. Hannu kawai ya miƙa ya kashe rediyon. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Inna na zaune a tabarma muka shiga. Ta karɓi kifin, ta tambayi lafiyar ƙanenta, sannan ta ce, "Ya yarda?" Na ce ya yarda, Inna, sai dai babu abin sayarwa. Na ba ta labarin, ban da maganar ruwan bokiti. Ta yi salati, ta share ido da bakin mayafi, ta ce a nemi wanda zai ba shi aron gona kafin damina.

Ban sauya ra'ayi ba, har gobe ina so su zauna su shirya. Na ga mai kifin Shanga, na ga 'yan dakon Yauri, na ga hanyar da ba a bi da la'asar, kuma ban ga wanda zai gyara wannan ba in maƙwabta na gaba da juna. Amma tafiyar nan ta koya mini abin da ban sani ba, kuma ya yi mini ciwo. Duk tsawon gabar nan, jirgin Kawu yana kwance a ruwa lafiyarsa ƙalau. Albishir ɗin sulhu ne ya fito da shi tudu. Masu zama a teburi in sun fito sun ce saura ƙiris, su magana ce suka yi, amma can ƙasa akwai wanda zai ji ya kwarfe jirginsa, akwai wadda za ta ƙara kifi a banda. In ba su shirya gamawa ba, da sun yi shiru har su gama.

Na san wata rana za su buɗe gadar, a yanka ƙyalle, a rungumi juna, jirage su sake hawa gulbi. A ranar, Kawu yana duƙe a gonar aro, injinsa na lulluɓe a ɗaki.